Yadda Aka Shuka Fitsarin Baba

Baba ya fi shekara 40 yana dillancin shanu a Abbatuwar Oko-Oba, kuma a duk zamansa na Ikko, don har gobe haka yake kiran Legas, abin tinƙahonsa shi ne ba ya shan maganin Bature. In zazzaɓi ya zo a dafa masa darbejiya, ya lulluɓa ya yi gumi, gari na wayewa ya fita. A daminar da ta wuce abin ya fi ƙarfin darbejiya. Fitsari ya riƙa fita da ƙyar, kaɗan-kaɗan, da zafi, ga yawan tashi cikin dare, sannan zazzaɓi mai rawar ɗari ya biyo baya. Dattijo ba ya buɗa wa ɗansa irin wannan magana. Inna ce ta tsegunta mini, ita ma a kaikaice.

Kafin ta zo kunnena an riga an bi hanyar da kowane gida a Agege ya sani. An aiki yaro kyamis, mai kyamis ya ƙullo haɗi a leda, har da sifro, wani antibayotik mai kashe ƙwayoyin cuta, a ciki, Inna ta lallaɓa Baba ya sha. Ya ɗan lafa ya dawo. Sai wani ƙaramin asibitin kuɗi, inda aka ɗebi jini aka ce maleriya da taifot ne, aka bi shi da allurar seftirayakzon ta jijiya. Jiya i yau. Ni dai ban cika jin wanda ya je irin wannan gwaji ya dawo ba taifot ba. Gwajin Widal da ake dogara da shi kan nuna alama a jinin wanda ya haɗu da ƙwayar tun shekarun baya, har ma da wanda maleriya ce kawai ke damunsa, shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci da shi kaɗai. Amma sunan taifot na da daɗin faɗa, yana kuma buɗe ƙofar sayar da allura.

A babban asibiti likitar da ta gan mu Bayarabiya ce, ni nake yi musu tafinta. Abu na farko da ta nema shi ne sunan duk abin da ya sha. Allah ya taimaka Inna ba ta yar da komai, ta zazzage jakarta a kan tebur, fankon kwalaye da ledojin magani. Likita ta jera su ta duba, ta ce ba za ta rubuta na uku da ka ba. Ta rubuta gwajin ƙoda, da hoton mara, da wata takarda mai haruffa uku, M/C/S. Aiki uku ne a kan fitsari ɗaya: a duba shi a madubin likita, a shuka shi a ga abin da zai tsiro, sannan a gwada magunguna a kan abin da ya tsiro ɗin a ga wanda zai ci shi. Ta so ta ba shi gado a ranar, Baba ya ce da ƙafarsa ya zo da ƙafarsa zai koma. Fitsarin ma ya ƙi zuwa a banɗakin asibiti. Aka ba mu 'yar roba mai murfi, sabuwa a rufe, aka ce a kawo na farkon safiya.

Sharuɗɗan ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. A wanke hannu, a yi tsarki da ruwa mai tsabta. A bar na farko ya zuba, domin shi ke wanko ƙwayoyin da ke zaune a bakin hanya, a tari na tsakiya. Kada yatsa ya taɓa cikin robar ko cikin murfin. Yadda zan faɗa wa mahaifina wannan shi ne aiki. A ƙarshe Inna na yi wa bayani, ita ta isar. Sharaɗin ƙarshe kuwa Legas ce ke wahalar da shi: fitsarin ya isa ɗakin gwaji cikin awa 2, in ba haka ba a ajiye shi cikin sanyi. Ƙwayoyin da ke ciki ba sa daina hayayyafa don an rufe murfi, zafin garin nan kuma daidai da su yake. In ya daɗe a hanya, 'yan tsirarun da suka faɗa daga fata sai su yi yawan da za a ɗauka su ne cutar. Wanda ya san gosulon safe daga Agege zuwa Oshodi ya san awa 2 ba abin da za ka rantse a kai ba ne. Na karɓo ƙanƙara wurin maƙwabciyarmu mai kunun aya, na naɗe robar a leda na sa a kular abinci, na hau jirgin ƙasa na Red Line a tashar Agege na sauka a Mushin. Wani bawan Allah da ya matsa mini wuri har yana tsokanata, wai uwargida ta iya tattalin miji, tun da sassafe da kula.

'Yar wani aminin Baba, Allah ya jiƙansa, ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin. A Idi-Araba ta tashi, Yaya take ce mini tun tana ƙarama. Ba a barin kowa ya wuce kanta, amma da na ishe ta da tambaya sai ta nemo mini izini wurin shugabarsu. Aka ba ni farar riga da takunkumi, da sharaɗin hannuna ya zauna a aljihu.

Da madubi ta fara. Ta ce in leƙa, na ga 'yan dunƙule-dunƙule sun cika fili. Fararen ƙwayoyin jini ke nan, shaidar jiki na fama da wani abu. Daga nan ta ɗauko faranti na roba mai murfi, a cikinsa wani abu ja-ja da ya daskare, abincin bakteriya. Ta tsoma wata 'yar waya mai lanƙwasa a baki, wadda ke ɗaukar kashi 1 cikin 1,000 na mililita, ta ja layi a tsakiyar farantin, ta bi shi da zane gefe da gefe. A ido ba komai a kai. Ta rubuta lamba a gindinsa, ta kifa shi a akwatin ɗumi da ke kan digiri 37, ɗumin jikin mutum.

"Sai gobe, Yaya. Su ba a yi musu gaggawa."

Washegari farantin ya cika da ɗigo-ɗigo masu ruwan hoda, sumul-sumul, duk kamanninsu ɗaya, da wani wari da ya ratso takunkumin. Kowane ɗigo daga ƙwaya ɗaya tak ya taso. Irin wannan bakteriya in ta samu abinci da ɗumi tana rabuwa biyu duk minti 20, cikin awa 7 guda ɗaya ta haura miliyan 2. Ɗigo 100 daga ɗan abin da wayar ta ɗauka na nufin ƙwaya 100,000 a kowace mililita. Na Baba sun wuce a ƙirga. Kamanninsu ɗaya kuma ya tabbatar ba datti ne ya faɗa ciki ba. Ta yi wasu 'yan gwaje-gwaje a ƙananan kwalabe, ta ce E. coli ce. Na ce daga ina?

"Daga hanjinsa. Kowa na da ita, ni da kai da sarki. A can ba ta da laifi. In ta ɓata hanya ta hau mafitsara, ta tarar fitsari na kwana ba ya fita duka, shi ke nan ta samu gida."

Hoton mara dama ya nuna dalilin kwanan fitsarin: ƙullutun naman nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, furostet, ya kumbura ya matse hanya, abin da ke samun maza da yawa in shekaru suka ja.

Mataki na uku shi ne ya kai mu can. Ta ɗebo 'yan ɗigo ta dama a ruwan gishiri har ya ɗan gurɓace daidai wani ma'auni da take kwatantawa da shi. Ta tsoma tsinke mai auduga ta shafe fuskar sababbin faranti biyu kaf, tana juyawa tana sake shafewa don kada a bar ko'ina. Sannan ta jera ƙananan takardu masu kewaye a kai, faɗin kowacce milimita 6, kowacce an jiƙa ta da magani guda an buga gajeren sunansa. Dabarar tun 1966 aka daidaita ta, ana kiranta da sunan Kirby da Bauer, kuma har yau ita ce abin dogaron ɗakunan gwaji irin namu saboda ba ta buƙatar babbar na'ura. Maganin zai riƙa tsatsowa daga takardar yana bazuwa cikin abincin. In yana cin ƙwayar za a ga fili fes a kewaye. In ba ya ci za ta tsiro har jikin takardar. Aka mayar da su akwatin ɗumi, awa 16 zuwa 18.

Wannan karon ban buƙaci a karanta mini ba. Takardar amfisilin ƙwaya ta kewaye ta ruf. Ta Septrin haka. Ta jentamaisin ɗan siririn fili ne da ba a ganinsa sai an ƙura ido. Ta sifro, wanda Baba ya sha, ko gezau. Ta seftirayakzon, allurar da aka biya kuɗi mai kauri aka yi masa, ƙwayar ta tsiro har tana taɓa gefen takardar. Uku ne kawai suke zaune a tsakiyar fili mai faɗi: amikasin, naitrofurantoyin da merofenem. Ta ɗora rula a bayan farantin tana auna faɗin kowane fili, tana duba jadawali, tana rubuta harafi, S ga wanda ya ci ƙwayar, R ga wanda ta gagara. Layin R ya fi tsawo.

Na ce, "To jikin Baba ne ya saba da magani? Mutumin da bai sha ba sai bana?"

Ta ɗaga farantin saitin fitila. "Yaya, duba da kyau. Ina jikin Baba a nan? Shi yana can Agege a kwance. Daga ƙwaya sai magani, kuma ga shi ta gagare shi. Ko jikin jaririn da aka haifa jiya ta shiga, haka za ta yi."

Mu duka haka muke faɗa, magani kaza ya daina yi mini, jikina ya saba. Sai abin ya zama lamarin mutum ɗaya da jikinsa, wanda ba ruwan maƙwabci. Alhali abin da ya canza halitta ce mai rai, mai haihuwa, mai tashi daga wannan jiki zuwa wancan.

Sai ta nuna mini wani abu da ba zan lura da shi ba. Da gangan ta ajiye takardar Augmentin kusa da ta seftirayakzon. A tsakaninsu, ta ɓangaren da suke fuskantar juna, wani ɗan fili ya kumburo, alhali sauran gefen duk ƙwaya ce. Ta ce wannan ita ce shaidar. Ƙwayar tana fitar da wani sinadari da ke datse maganin kafin ya taɓa ta. Penisilin da danginsa, har da seftirayakzon, duk suna da wani zobe guda a ƙirarsu, da shi suke hana bakteriya gina bangon jikinta har ta fashe, sinadarin nan kuma zoben yake tsinkawa. Augmentin yana ɗauke da wani ƙari, kilabulanik asid, mai toshe bakin sinadarin, shi ya sa a ɗan wurin da magungunan biyu suka haɗu seftirayakzon ya samu ya yi aiki. Irin waɗannan ƙwayoyi ESBL ake rubuta musu. Da jan biro ta rubuta shi a ƙasan takardar Baba, ta ce yanzu ya zama abin yau da kullum a teburinta.

Datse magani hanya ɗaya ce kawai. Sifro galibi ta wata hanyar ake kuɓuce masa: yana kama wani sinadari ne da ƙwayar ke warware DNA ɗinta, wato rubutun gadon halittarta, da shi lokacin kwafa, canji kaɗan a ƙirar wurin da yake kamawa ya isa ya sa ya riƙa suɓucewa. Wasu suna da famfo a jikinsu da ke tunkuɗo magani waje da zarar ya shiga, wasu kuma ƙofofin shigar suke ragewa. Ƙwaya ɗaya na iya haɗa duka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne magani ba ya koya wa ƙwaya komai, zaɓe kawai yake yi. Duk rabuwa sai an kwafi DNA, kwafa kuma ba ta rasa kuskure. A cikin biliyoyi ba a rasa 'yan tsirarun da kuskuren ya zo musu da sa'a, ko waɗanda dama da kariyarsu suka shigo. A kwanakin lafiya ba su da wani fifiko, cunkoson 'yan'uwansu ma ya danne su. Ranar da magani ya shigo ya share masu rauni, sai wuri da abinci su zama nasu, kuma na ga da idona abin da ƙwaya ɗaya ke zama a dare ɗaya. Shi magani bai san don me aka sha shi ba. Wanda aka haɗiya saboda mura, wadda bairos ke kawowa kuma antibayotik ba ya taɓa ta, sai ya bi ta hanji ya yi wannan zaɓen a can. Haɗin kyamis da allurar taifot ba su taɓa ƙwayar da ke damun Baba ba, abokan takararta suka kashe mata.

S uku a takarda ba magani uku ba ne a hannu. Naitrofurantoyin, mai arha, na haɗiya, a mafitsara kawai yake taruwa, ba ya isa ƙoda ko furostet ko jini da ƙarfin da zai yi aiki. Baba kuwa a lokacin zazzaɓin ya dawo har yana sambatu, ga ciwon kwiɓi. Amikasin yana taɓa ƙoda da ji, gwajin ƙodarsa kuma bai fito yadda ake so ba. Saura merofenem, ta jijiya, a kan lokaci, dare da rana. Wannan karon Baba bai yi gardamar gado ba, ba shi da ƙarfinta. Aka sa masa kanula da robar fitsari.

Mu muke sayo maganin, kwalba-kwalba, kuɗinsa na yini guda kuma ya fi ƙarfin abin da malamin makaranta irina ke samu a mako. 'Yan'uwa da tsofaffin abokan sana'ar Baba suka yi karo-karo. Mai harhaɗa magunguna na asibitin ya ce mini tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na farko waɗanda ake fara ba da su, na biyu waɗanda ake sa wa ido saboda saurin haifar da bijirewa, na uku na ajiya, sai komai ya gaza. Merofenem na gida na biyu. Sifro da seftirayakzon ma can suke, ga shi ɗaya ana ƙulla shi a leda, ɗaya ana yin sa don taifot ɗin Widal.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo da 'ya'yansa ke kawo kwalba ɗaya in kuɗi ya samu, in bai samu ba lokacin allura ya wuce haka nan. Ba sakaci ba ne, babu ce. Amma ƙwaya ba ta bambance babu da sakaci, abin da ta sani shi ne magani ya zo da rauni ya ba ta sarari. Zaman jinya dare ne mai tsawo, a waya na riƙa cinye shi da karatu, sai na tarar wanda ya gano penisilin ya hango wannan tun farko. Alexander Fleming ya gano shi a 1928 a asibitin St Mary's da ke Landan, kuma a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗi cewa in mutum ya sha ƙasa da abin da zai kashe ƙwayar, zai bar ta da rai ta gagari maganin. Abin mamakin ma, tun 1940, kafin a fara ba marasa lafiya penisilin sosai, Abraham da Chain sun gano sinadarin da ke datse shi, a jikin E. coli, dangin ta Baba. Aka fito da metisilin don ya kauce wa irin wannan sinadari, a 1961 aka samu ƙwayar da ta gagare shi a Ingila. A 2011 masana suka tono ƙasar da ta daskare tun shekara 30,000 a yankin Yukon na Kanada, suka tarar da ƙwayoyin gadon bijire wa magani a ciki. Dalili shi ne yawancin magungunan nan daga funfuna da bakteriyar ƙasa aka samo su, waɗanda suka daɗe suna yaƙar juna da su. Kariyar ta girme mu. Abin da muka yi cikin ƙasa da shekara 100 shi ne zuba maganin ko'ina, har masu kariyar suka rinjayi marasa ita.

Da zazzaɓi ya sauka, Baba ya fara neman kunu da rediyonsa, sai ƙanwar tawa ta ɗakin gwaji ta zo dubiya bayan ta tashi aiki. Ta tarar da Kawu, ƙanin Inna, wanda har yanzu yake sauke shanu daga arewa. Bayan gaisuwa Baba ya gyara zama.

"'Yata, ni dai ki warware mini. Ni da ban san ɗanɗanon kafso ba sai bana, a ina ƙwayar tawa ta yi wannan karatu?"

"Baba, ba lallai a jikinka ta yi shi ba. Ko dai da shi ta zo, ko ta karɓa wurin wata."

Ta ce ban da babban DNA da bakteriya ke gadar wa 'ya'yanta, akwai wasu ƙanana masu kewaye da ke zaman kansu, ana ce musu filasmid. Ƙwaya biyu kan matso kusa, ɗaya ta miƙa siririn zare ta jawo ɗayar, ta kwafa mata filasmid ɗin, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. "Kamar yadda jikokinka ke haɗa waya da waya su tura wa juna abu, Baba. Mai turawa bai rasa nasa ba, mai karɓa kuma zai tura wa wani." Baba ya yi dariyar da ta sa shi riƙe mara.

A Japan aka fara gane haka. A shekarun 1950 aka riƙa samun ƙwayar atuni da ta gagari magani huɗu lokaci guda, abin da kuskuren kwafa ɗaya-ɗaya ba zai bayyana ba; a 1959 aka nuna cewa tana musayar kariyar da E. coli ta hanji. Filasmid ɗaya kan ɗauko kariya daga magunguna da yawa a ƙulli guda, to duk wanda aka sha a cikinsu ya tsare ƙullin gaba ɗaya. Mai shan kafson ja da yalo saboda gudawa na iya raya ƙwayar da za ta gagari seftirayakzon, ko da bai taɓa ganin allurar ba. Daga hanjinsa kuma hanyoyin fita ba su ƙirguwa: hannun da bai ga sabulu ba, abinci, rijiyar da ke maƙwabtaka da masai, kwatar da ke ambaliya cikin gidaje da damina, kashin dabbobi, shi kansa asibiti. Ta ce gwajinsu ba ya nuna ta wace ƙofa ta shigo, amma mutumin da ya shekara 40 cikin shanu da cunkoson Agege ba ya rasa ƙofa.

Jin an ambaci dabbobi Kawu ya karɓe zancen. Ya ce su ma suna yi wa shanu allurar tetrasaikilin, tun daga kasuwannin arewa har a sauke, kuma ba wanda ke kiran likitan dabbobi. Ta ce masa a jikin kwalbar an rubuta makonnin da za a jira kafin a yanka.

"'Yata, saniyar da ta kwana biyu a tirela, ta sauka tana tangaɗi, in tsaya ina ciyar da ita makonni a Ikko da kuɗin wa? Kin san kuɗin buhun dusa yau? In ta faɗi wa zai biya ni?"

Ba wanda ya amsa masa, don tambayar gaskiya ce. Ita ma tata gaskiya ce. Masu kiwon kaji da yawa tun ranar farko suke zuba magani a ruwan 'yan tsaki, lafiyarsu ƙalau. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi antibayotik don ƙara girma tun 2006. A 2015 aka ba da rahoton wani filasmid a aladun ƙasar Sin mai kariya daga kolistin, ɗaya daga cikin magungunan gida na uku, kuma ba a daɗe ba aka same shi a nahiyoyi da dama. Merofenem ɗin da ke shiga hannun Baba ma ba tsira ya yi ba: a 2008 aka samu sinadarin da ke datse shi a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a New Delhi, aka sa masa suna NDM-1, kuma ya iso Nijeriya. Ta ce takan ɗaga faranti ta ga ko shi ba fili a kewayensa. A irin wannan rana ba ta son wayar likita.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka gagari magani, fiye da waɗanda ƙanjamau ko maleriya suka kashe a shekarar. Yankin da abin ya fi tsanani shi ne namu, Afirka ta Yamma, kimanin mutum 27 a cikin kowane 100,000. Rabon Nijeriya an sa shi a 64,500. Ba a jin sunansa a wurin ta'aziyya. Abin da ake cewa shi ne an yi ta magani bai karɓe shi ba. Ƙasar nan ta fitar da tsarin tunkarar matsalar a 2017, ta sabunta shi a 2024, kuma a ƙa'ida sai da takardar likita ake sayar da waɗannan magunguna. Sai dai ni ban ga amfanin ɗora wa mai kyamis laifin duka ba. Shi yana bakin layi, yana jin Hausa, yana ba da bashi. Shukar fitsari kuwa sai an yi tafiya, a biya, a jira awa 48 zuwa 72, mai ɗinkin takalmi ko mai tura ruwa da ke ci daga abin da ya samu a yini kuma ba shi da wannan sararin.

Ranar sallama likita ta sa na fassara wa Baba da Inna maganarta dalla-dalla. An kore cutar daga ƙoda da mafitsara, amma ƙwayar na iya zama a hanjinsa watanni ba tare da ta dame shi ba. Kowa a gidan ya riƙa wanke hannu da sabulu bayan kewayawa, ruwan buta kaɗai bai wadatar ba. Inna ta ɗaura sabulu a raga ta rataye a ƙofar banɗaki. In zafin fitsari ko zazzaɓi ya dawo, kada a ba shi komai sai an ɗebi fitsari an shuka. In kuma an shuka an ga ƙwaya alhali ba ya jin komai, ba lallai a ba shi magani ba, don kowane zagaye wani sabon zaɓe ne.

Saura furostet, wanda muddin yana matse hanya fitsari zai ci gaba da kwana. Likitan mafitsara ya duba fayil ɗin, ya tsaya a kan jan rubutun nan. Ya ce za a yi aikin, amma sai an sake shuka gab da ranar, kuma daga sabon sakamakon zai zaɓi allurar kariya da ake yi kafin a shiga tiyata, domin taɓa wurin na iya tura ƙwaya cikin jini. Wadda ya saba yi wa masu irin wannan aiki ta dangin seftirayakzon ce. A fayil ɗin Baba ya ja layi ya soke ta.